Kunnen Yaya da Hannun Tela

A duk faɗin yankin nan babu kunne irin na Yaya. Injin da ya saurara sau ɗaya, ya san ciwonsa har hanji. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma tun rasuwar Baba babu namijin da ya rage a gidan da shekarunsa suka kai ya musa masa.

Taraktar da Baba ya bari ta girmi Yaya. Mai fetur ce, irin wadda aka daina yi. Kik ɗinta ya mutu da daɗewa, sai an zura mata wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaba an murza kafin ta tashi. Bana ta soma kasala da tari, ga ruwa ya sauka, ga gonar gado tana jiran huɗa. Yaya ya ce taimin ne ya goce, wato wutar fulogi ba ta kama fetur a kan kari. Akwai ɗan zane da maƙeranta suka yi a jikin injin don a daidaita da shi. Yaya ya ce wannan don kurame aka yi.

Sai ya aika a kira ƙanensa daga shago. Tela ne, mai mata da 'ya'ya, wanda abincin gidansa kaf daga hannunsa na dama yake fitowa. Ya iso rumfar da ake ajiye taraktar, da tef a wuya, zare manne a riga.

"Yaya, ka san ɗinki ya taru mini."

"Murzawa kawai za ka yi, Malam Tela. Ko ƙarfen ma ya fi almakashi nauyi ne?"

"Kai fa?"

"Ni bayana ba ya so. Kuma idan na murza, wa zai saurara?"

Tela ya cire tef ya rataya a ƙusa.

Yaya ya sassauta noti da sifana, ya ɗan juya distiributa, abin da ke raba wa fulogai wuta, domin wutar ta riƙa zuwa da wuri. Tela ya murza. Injin ya kama, rumfa ta cika da hayaƙi. Yaya ya rufe ido, ya karkata kai kamar mai jin gulma ta bayan ƙofa. Ya ƙara juyawa. Kukan injin ya yi kauri, ya yi daɗi.

"Ka ji? Ka ji muryar Baba ta dawo?"

Suka kashe domin a gwada tashinta. Da Tela ya sake murzawa, ƙarfen ya dawo baya da ƙarfi, ya kuɓuce masa. Ya tsaya yana yarfe hannu, yana duban yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, ta yi harbi fa."

"Lafiya ce ta yi mata yawa."

"Ni dai da an duba zanen nan. Ko a kira bakanike."

Inna, mahaifiyarsu, tana zaune a bakin rumfa a kan tsohuwar taya. Ita ba ta san taimin ba, amma ta san wane ne babba.

"Kai, yayanka ya ce ya ji, kana neman wani bare ya zo ya ji masa? Ubanku bai taɓa kai ta wurin kowa ba."

Wannan gaskiya ce. Abin da ba ta ce ba shi ne Baba da zanen yake aiki, kunne kuwa na nuna wa baƙi ne. Wataƙila ba ta sani ba. Yaya ma a lokacin wurin baƙin yake tsayawa.

Yaya ya sake taɓa distiributa, ya ƙara mata gaba kaɗan, don kada a ce maganar ƙane ta sa shi ja da baya. Tela ya goge tafinsa a wando. Ya dubi Inna, ya dubi ƙofa, ya sunkuya ya kama ƙarfen.

Wutar ta kama tun fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, bai kai sama ba, injin ya juya baya. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Tela ya zauna a ƙasa a hankali, ya rungume hannunsa a ƙirji. Wuyan hannun ya karkace ta inda ba shi da gaɓa.

Inna ta sa salati, maƙwabta suka cika rumfa. Ana kokawar ɗaga shi, ta tsakanin ƙafafun mutane, Tela ya hango Yaya ya juya wa jama'a baya, ya mayar da distiributa baya sosai, ya ɗaure noti. Idonsu ya haɗu. Tela ne ya fara kawar da nasa.

Kafin a dawo da shi daga asibiti, wani maƙwabci ya murza, taraktar ta tashi lafiya lau. Aka huɗe gona. Inna ta yi ta sa wa Yaya albarka. Yaya ya je dubiya, ya zauna a gefen gado, ya yi wa ƙanensa bayani a natse cewa ba a zagaya ƙarfen da babban yatsa, kowa ya san haka.

Likita ya ce ƙashi zai haɗu. Game da riƙon almakashi kuwa, ya ce sai dai a gani.

Da Tela ya samu ƙarfin fita, ya je ya buɗe shago da hagu. Ya sauko da yadin mutane daga kanta, yana ninkewa da hannu ɗaya da haɓa, yana miƙa wa kowa nasa, yana kwatanta musu shagon wani tela a bayan layi. Wata tsohuwar kwastoma ta dubi filastar da ke rataye a wuyansa.

"Subhanallahi! Garin yaya, Tela?"

"Tarakta ce, Hajiya," ya ce. "Riƙon ƙarfen ne ban iya ba."

Ya sa mata yadinta a leda, ya ɗaure bakin da haƙori.