Zoɓo a Ƙarƙashin Madannai

"Ni fa gyara na kawo, ba shari'a ba," in ji Shahida, tana tsaye a bakin shagon Musaddiƙ da ke Kazaure.

"Tambaya kawai na yi. Me ya zube a kai?"

"Na ce maka ruwa ne. Ruwan randa."

Musaddiƙ ya jawo kibod ɗin kwamfutar da ta kawo gabansa. Shi ya haɗa mata kwamfutar nan da hannunsa daga tsofaffin kayan da ya daɗe yana tarawa, ya ɗauka a babur har gidansu, don ta koyi buga rubutu, ta kuma riƙa tunawa da shi.

Ya sa bakin sukudireba yana ɓalle madannan ɗaya bayan ɗaya. Duk sun yi danƙo. Ƙarƙashinsu ja wur, ga ƙamshin citta da kanumfari, har kiyashi sun fara taruwa.

Shahida ba ta shan zoɓo, tun suna yara take cewa yana ƙona mata ƙirji. Amma Nuruddeen, ɗan Roni da ya fara koyar da kwamfuta a unguwarsu, ba ya rabuwa da gorar zoɓo.

"Zai gyaru kuwa, Yaya Musaddiƙ?" ta tambaya a hankali.

Ya jiƙa auduga da sifirit, ya goga, ta rine. Ya ɗaga ta saitin idonta.

"Zai gyaru," ya ce. "Shahida, yaushe kika fara shan zoɓo?"