Kwalaben da Suka Yi Shiru

Bayan azahar ne, rana ta ƙwalle, ga hadari ya haɗo daga gabas amma ya ƙi sakin ruwa. Ko ganye ba ya motsi. Tela ya rufe shago ya dawo gida cin abinci, yana shiga ya ji gidan ya yi wani irin tsit da bai saba ji ba.

Matarsa kecof take yi, irin wanda ake dangwala da soyayyen dankali, sai dai ita tsima nata take yi. Takan markaɗa tumatir ta dafa ya yi kauri, ta sa gishiri da zuma da ɗan ruwan tsamin nono, ta ɗura a kwalabe ta bar shi ya yi tsami da kansa. Murfi kuwa a sake take barinsa, don abin numfashi yake yi. Duk wanda ya gifta ta kicin zai ji kwalaben suna tsss, kamar tsofaffi a wajen gulma. Tun ran farko ta ja masa kunne: in aka toshe musu baki a cikin zafi, fashewa suke yi.

Yau babu tsss. Kantar kicin ma wayam, an goge ta tas.

Matar ta tafi kasuwa sayo tumatir, ta bar jaririnsu wajen mahaifiyarsa, wadda ta zo taya su reno. Ya sami tsohuwar a ƙofar ɗaki tana fifita. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai "kai wannan". Ta ba shi labari tana jin daɗin kanta. Wai tururuwa ta gani ta ja layi zuwa kwalaben yarinyar nan, 'yan zamani ko rufe murfi ba su iya ba, shi ne ta sa tsumma ta murɗe kowanne har sai da tafinta ya yi ja. Ta kuma kai su inda tururuwa ba ta isa ba.

"Ina, Mama?"

Ta nuna da baki. Saman kabad, dab da kwanon rufin da ya sha rana tun safe. A gindin kabad ɗin gadon jariri yake, yaron ya baje hannuwa yana barci.

Murafan sun kumbura. A wuyan wata kwalba jan ruwa ya fara tsattsafowa, ƙananan kumfa na hawa a hankali.

Ya ɗaga ƙafa ke nan ta miƙa mafici ta tare ƙofa. Ta ce da ƙyar ta samu yaron ya runtsa, ya wuni yana tsala kuka, ita kuma duk 'ya'yan da ta rena babu wanda ta taɓa tayarwa daga barci. Tela tunda yake bai taɓa ƙetare maganarta ba. Ya tsaya yana laluben yadda zai faɗa ba tare da ya ce ta yi kuskure ba. Can sama wani abu ya ce ƙas.

"Mama, ki gafarce ni."

Ya sunkuya ta ƙarƙashin hannunta, ya suri yaron da zanensa, ya danƙa mata, ya tura su waje. Yaron ya canyara kuka. Tana faɗin lallai aure ya koya masa rashin kunya, shi kuwa ya yayibi bargo zai jefa kan kwalaben. Bai kai ba. Kwalba ɗaya ta tarwatse, ƙarar kamar tayar mota ta fashe.

Da ya buɗe ido, katifar jaririn ta yi jajir. Wani tsinin kwalba ya kafe daidai inda kan yaron ya lotsa matashi.

Mama ta leƙo. Ta ƙara ƙanƙame jikanta a ƙirji. Ya lulluɓe sauran kwalaben da bargo ya sauko da su, ya riƙa sassauta murafan ɗaya bayan ɗaya, kowace kwalba na huci a tafinsa.

Sai ya lura ƙafarta ba takalmi, ga fasassun kwalba har bakin ƙofa. Ya ɗauko silifas ɗinta, ya kakkaɓe, ya ajiye a gabanta. Ta zura ƙafa, ta juya da yaron ta nufi tsakar gida.