Ƙararrawar da Baba Ya Gyara

Yaya ya ce a sa kwaɗo, Auta ta ce ba za a sa ba. Gardamar da suka yi watanni suna yi a waya ke nan, tun da ciwon mantuwa ya ci ƙarfin mahaifinsu har ya koma buɗe ƙofa ya kama hanya, ba takalmi ba sallama.

"Na san ke kike fama da shi," in ji Yaya. "Amma ran da mota ta kwashe shi, me za ki ce mana?"

"Yaya, mutumin da ya ɗauke mu a kafaɗa ne zan kulle a ɗaki kamar akuya? Ba da hannuna ba."

Da ma Auta akwai taurin kai, kuma a wurin tsohon ta gado shi. Ta shiga tsohuwar jakar tafiyarta ta zaƙulo wata 'yar ƙararrawa, wadda ta saya lokacin da take yawon kai wa asibitoci kaya gari-gari, tana kwana a masaukan da ƙofofinsu ba abin yarda ba ne. Girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Rataya ta ake a hannun ƙofa, a soke wani siririn ƙarfe tsakanin ƙofar da bango. Da an buɗe, ƙarfen ya zame, sai ta tsandara ihun da har maƙwabta sai sun leƙo. Auta ta rataya ta a ƙofar falo, ta raɗa mata suna Magulmaciya.

Magulmaciya kuwa ta riƙe aikinta. Baba na taɓa ƙofa za ta tona masa asiri, Auta ta taho a guje da kumfar sabulu a hannu, ta lallaba shi ya koma kujera. Shi kuma ya toshe kunne, ya harari abin.

"Malama, wannan na'urar taki ba ta da lafiya," yakan ce.

Malama yake kiranta yanzu. In ta kawo masa shayi sai ya yi godiya har da ɗan rusunawa, kamar baƙon da aka karrama. Wannan godiyar ta fi komai yi mata ciwo, amma maganar na'ura dariya take ba ta, don ta san inda ta fito. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a rumfar gyaran rediyo. Ya manta sunan 'ya'yansa, ya manta matarsa ta rasu, amma in ka miƙa masa sukudireba hannunsa ko rawa ba ya yi. Shi ya sa da likita ya ce a samo abin da zai riƙa ɗebe masa kewa, Auta ta sauko da akwatin kayan aikinsa, ta bi maƙwabta ta tattaro matattun rediyoyi. Kullum yana bakin tebur yana kwancewa yana ɗaurawa, yana yi wa masu kayan faɗan rashin kula. Har waya ta yi wa Yaya tana cika baki, wai ta samo dabarar da ta fi kwaɗonsa.

Ranar da abin ya faru Auta na can bayan gidan tana wanke zannuwan gadonsa. Gidan ya yi tsit, ita kuma ta ji daɗin shirun, har da 'yar waƙarta. Sai da ta gama shanya ta shigo da bokiti, ta tarar da ƙofar falo a wangale. Magulmaciya na nan rataye a inda take, an goge ta tas, 'yar fitilarta na ƙyaftawa, amma ko tari ba ta yi ba. A kan tebur ga sukudireba, ga wani guntun jar waya a cikin faranti. Ashe Baba ya kwance ta, ya cire abin da ke sa ta kuka, ya mayar da kowane noti mazauninsa.

Ta fita ko mayafi ba ta tsaya nema ba. Mai kanti bai gan shi ba. Mai faci ya ce kamar ya ga wani dattijo ya yi wajen babban titi, amma ba zai rantse ba. Ta kira Yaya tana haki, tana jiran ya ce ai ya faɗa mata. Bai faɗa ba. "Ga ni nan zuwa," kawai ya ce, kuma da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Rana ta yi sanyi kafin ta same shi, a bakin titin da manyan motoci ke wucewa. Wata mai sayar da lemo ce ta janyo shi daga tsakiyar hanya ta zaunar da shi a bencinta. Tafin ƙafarsa ya tsage, jini ya bushe da ƙasa a kai. Da ya ga Auta sai fuskarsa ta washe.

"Yauwa, Malama. Na duba miki abin nan. Ba zai ƙara damunki ba."

"Na gode, Baba," ta ce, ta durƙusa tana share masa ƙafa, hawaye na ɗiga a kan hannunta.

Washegari Yaya ya iso da kafinta. Aka kafa ƙarfen rataya kwaɗo a ƙofar ɗakin Baba, ba wanda ya kalli wani. Da kafinta ya tafi, Yaya ya ciro kwaɗon daga leda, ya tsaya yana juya shi, ya kasa sawa. Auta ta miƙa hannu.

"Kawo. Ni ya saba gani."

Dole ta je kantin magani a sayo abin wanke ciwon, Yaya kuma zai koma bakin aiki. Ta leƙa, Baba na zaune da rediyo a cinya. Ta ja ƙofar a hankali ta datse. Ba ta kai ga ɗaga ƙafa ba ta ji ya taso yana ɗingishi. Ya murɗa hannun ƙofar, ya sake murɗawa, sannan ya ƙwanƙwasa cikin ladabi.

"Masu gida, don Allah a taimaka a buɗe mini. An tashi 'yan makaranta. Autata na can bakin ƙofa tana jirana."

Ta jingina goshinta da katakon. "Baba, ta dawo. Tana gida."

"A'a, Malama, ba ki san ta ba," ya ce. "Ƙarama ce, ba ta iya tsallaka titi ita kaɗai. In ban je ba kuka za ta yi."