Wayar Auta a Ɗakin Sanyi

Ƙa'idar ɗakin sanyi ɗaya ce, ko sabon lebura ya san ta: in za ka shiga, ka cire hularka ka rataye a ƙusar da ke bakin ƙofa. Duk wanda ya zo kullewa, ƙusar zai fara dubawa. In akwai hula, akwai mutum a ciki. Auta, mai kula da sito a kamfanin kifin, shi ne ma ya fi kowa yi wa mutane faɗa a kan haka. Amma ran Asabar ɗin nan da hularsa a kai ya shiga, don idonsa na kan sabuwar wayarsa, yana ta fama da wani saƙo da ya ƙi tafiya tun safe.

Wayar kuwa sai dai a yi shiru. Irin ta shafawar nan ce da ta fara shigowa, ba madannai, gilashi ne daga sama har ƙasa. Ran da ya sayo ta har layi leburori suka yi suna kallo. Ba a daɗe ba ta nuna halinta. In ya taɓa nan, can take buɗewa. In an kira shi, kafin ya gama jan wurin amsawa mai kiran ya gaji ya haƙura. Caji ba ya kai ta la'asar. Abin da ya fi ba da haushi shi ne kiran da take yi ita kaɗai daga aljihu: da cinyarsa ta goge ta, sai ta zaɓi wanda ta ga dama. Matarsa ta sha barin tukunya a wuta ta ruga ta ɗauka, ba ta ji komai ba sai ƙarar kwalaye da tarin mijinta. Da ta gaji sai ta kafa doka.

"Malam, in kai ne da gaske, ka turo saƙo. In na ga kira a lokacin aiki katsewa zan yi, kada katinka ya ƙone a banza."

Ya ce wannan dabara ce mai kyau. Da bakinsa ya gaya wa abokan aikinsa su ma su riƙa yin haka.

Yana can ƙurya yana duba kwalayen da suka rage sai ya ji ƙofa ta yi gum. Fitila ta mutu.

Da farko dariya ya yi, ya ɗauka tsokanar direban kamfanin ce. Ya lalubo hanya ya zo ya buga ƙofa, ya ƙwala kira. Shiru. Ya kama mariƙin ciki, ya ji yana juyawa a banza. Ya san ya lalace tun bara, kuma kullum cewa ake za a gyara. Nan ya kai hannu kansa ya ji hula. Ran Asabar rabin wuni ake yi, ba mai dawowa sai Litinin. Maigadi yana can bakin babbar ƙofa, tsakaninsu fili guda da rurin janareta.

Tsoro ya kama shi sosai. Shi da ke aiki a nan ya san yadda kifi ke zama kamar itace kafin gari ya waye.

Ya zaro wayar. Ba sabis. Ya ɗaga ta sama, ya zaga da ita, ya manna ta a jikin ƙofa, duk a banza. Sai da ya tara kwalaye ya hau, ya kai ta daidai saman ƙofa inda robar ta ɗan tsage, sannan sanda ɗaya ta leƙo. Ya shafa gilashin, ta yi biris da shi, don ba ta jin safar hannu. Ya cire safar da haƙori, sanyi ya cije masa yatsu.

Ya kira matarsa. Ya ji ta shiga, har ya fara hamdala, sai aka katse. Ya sake kira, aka sake katsewa. Ya ga kamar yana kallonta a tsakar gida, tana goge hannu a zani tana cewa, "Wayar Malam ta fara." Bai iya jin haushinta ba. Ya kira direba, shi ma ya katse, ɗan halak, bisa umarni.

Saƙo ke nan. Haruffan ƙanana ne kamar tsaba, yatsansa kuwa ya fara zama ba nasa ba. Ya nufi wannan, wancan ya fito. Ya karkata hannu kaɗan, rubutun ya juya a kwance, ya dawo a tsaye, rabin abin da ya rubuta ya ɓace. Da ƙyar ya haɗa abin da za a gane, ya tura. Wata 'yar da'ira ta kama juyawa, tana juyawa, shi kuma yana kallonta yana roƙon Allah kamar mai jiran haihuwa. Can ta ce ba a aika ba. Daga nan ta cije gaba ɗaya, ko'ina ya taɓa ba ta motsi.

Maganinta in ta yi haka shi ne a cire batir a mayar. A ofis abin wasa ne. A nan, cikin duhu, a saman kwalaye masu santsi, ya san in batir ɗin ya suɓuce ya faɗi, to shi ke nan. Ya ɓare murfin da farce, ya riƙe batirin a leɓe, ya mayar a hankali yana karkarwa. Ta kunna a kan lokacinta, har da 'yar waƙarta ta maraba. Da ta gama yanga, alamar caji ta koma ja. Ɗazu rabi ne, sanyi ya shanye shi.

Ya cusa ta a hammata, ya sa yatsansa a baki don ya ɗumama. Ya tuna 'ya'yansa, ya tuna ko sallama bai yi musu ba da safe saboda yana neman caja. Ya sake hawa. Wa zai kira wanda ba zai katse ba? Ya ja jerin sunaye yana neman lambar wansa, jerin ya zura a guje, ya tsaya inda ya ga dama, ya kira Inna.

Bai so haka ba. Mahaifiyarsa tsohuwa ce, ga hawan jini, ga nauyin kunne, tana zaune gidan wan nasa a wancan gefen gari. Amma ba cajin da zai sake zaɓe da shi.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Ba a yi magana ba. Yana jin ƙarar fanka da numfashin mutum.

"Inna! Inna, ni ne!"

"Auta?" Muryarta ta zo a tsinke, cike da murna. "Yau da ni kake magana? Ikon Allah. Ai kullum in wayarka ta kira ni ɗauka nake, in yi shiru in ji ka kana aiki, kana yi wa mutane faɗa. Ban taɓa gaya maka ba don kada ka hana ta."

"Inna, ki saurare ni, an kulle ni a ɗakin sanyi! Ki ce wa Yaya ya zo wurin maigadi!"

"Ba na jin ka sosai. Ya yaran? Wannan tarin naka dai ka nemi magani, ranar nan na ji..."

"Inna, don Allah! Ɗakin sanyi!"

Hasken ya ɗauke. Ya danna, ya girgiza ta, ya hura mata iska. Ta mutu.

Ya sauko ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka, babban mutum da furfura a gemu. Bai san ko ta ji ba. Ya tashi ya yi ta tsalle, ya ɗaga kwali ya sauke, ya buga ƙofa har hannunsa ya daina jin zafi. Bai san tsawon lokacin da ya wuce ba. Daga baya karkarwar ta tsaya, wani barci mai daɗi ya fara jan sa, har ya ji kamar ya cire riga. Wannan ya fi komai tsorata shi, don ya san ma'anarsa. Ya yi ta maimaita kalmar shahada, harshensa na nauyi.

Kamar a mafarki ya ji hayaniya a bayan ƙarfe.

"Inna, dubi ƙusa, ba hula. Ba kowa a ciki, wallahi." Maigadi ne.

"Ni ba hula na haifa ba! Buɗe!" Muryar Inna ce.

Hasken yamma ya faɗo masa a fuska. Wansa da maigadi suka cicciɓe shi suka fitar.

A asibiti likita ya ce rai ya tsira, amma yatsu biyu na hannun dama, waɗanda ya bari a waje yana shafa gilashi, sai dai haƙuri. Matarsa na tsaye a jikin bango, ta kasa haɗa ido da shi, tana ta cewa ya yafe mata. Ya ce ba abin yafewa, shi ya ce ta katse.

Inna na zaune a bakin gado, ta riƙe ɗaya hannun. Ya juyo da ƙyar.

"Ashe kin ji abin da na ce."

"Ban ji ko kalma ɗaya ba," in ji ta. "Haƙoranka na ji suna haɗuwa. Tun kana goye haka kake yi in sanyi ya shige ka."

Ta ja bargo ta rufe masa ƙafafu, ta tura gefen a ƙarƙashinsu.