Dokar Ta-Ɗan-Ɓaci

Ta tagar zauren majalisar ƙaramar hukuma Alƙalami ya hango ƙofar sif ɗin ɗakinsa tana tafe a kan titi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ita ce dai, har da tsagaggen madubinta. Matarsa ce ke ɗauke da ita, ta rangaɗa mata rubutu da farin fenti: A AYYANA DOKAR TA-ƁACI KAN SAUYIN YANAYI. Matan unguwarsu na biye da ita, wata riƙe da katifar da ruwa ya ruɓar, wata da tukunya cike da laka.

Alƙalami shi ke rubuta wa Shugaban ƙaramar hukumar jawabi, daga nan sunan ya bi shi. Ya zame cikin kujera har haɓarsa ta kusa taɓa tebur.

"Wai me suke so kuma?" in ji Shugaba, yana gyara zama a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki.

Kansilan kasuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa suke yanayi ya sauya. Zafi ya yi yawa, ruwa kuma in ya zo da hauka yake zuwa."

"To ni na sauya shi? Ranar da na hau kujerar nan a sama na tarar da rana."

"In ma ya sauya, tsohon shugaba ne ya sauya shi," in ji Kansilan tasha. Aka yi ta gyaɗa kai.

Shugaba ya leƙa taga. "Waccan mai ƙofar da alama ita ce jagora. Wa ya san ta?"

Alƙalami ya duƙufa yana binciken bakin bironsa. Magatakarda, wanda ba ya iya ganin asiri ya wuce shi a rufe, ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ai iyalin Alƙalami ce."

"Ashe gobarar daga kogi take," Shugaba ya ce. "To ka je gida ka kashe ta."

* * *

Ya tarar da ita a kan keken ɗinkinta, wanda tun ambaliyar da ta wuce yake ɗare bisa bulo. Anti Tela, kamar yadda unguwa ke kiranta, ba ta ko ɗago ba. Mahaifiyarsa na kishingiɗe a gado da jiƙaƙƙen tawul a goshi, don zafi ya hana ta sakat.

"Yanzu fisabilillahi, hannun da ke ba mu abinci shi kika je kina ciza? Kuma da ƙofar sif ɗina?"

"Ruwa ne ya ɓalle ta, baban yara. Ni aiki kawai na samo mata."

"Ki bari a bi abin a hankali. Hukuma tana sane."

"Tana sane mana, ba ita ta yanka magudanar ruwan ta sayar aka gina shaguna ba? Bara ruwa a gwiwa ya tsaya mana, bana ya kai ƙugu. Mu dai a ayyana dokar, a buɗe magudana, a dasa itatuwa mu samu inuwa. In ba haka ba, baɗi sai ka rubuta wa ruwan jawabi ko zai ji kunyarka."

Ya juya wurin tsohuwa neman agaji. "Inna, ki sa baki."

"Na sa," in ji Inna, idonta a rufe. "Ni na riƙe mata gwangwanin fentin."

Ya zauna a bakin gado yana kallon layin da ruwa ya bari a bango. Gaskiya dai ya san wajen da take. Sai dai gaskiya ba ta taɓa sa hannu a takardar albashinsa ba.

* * *

Abin da ya sauya ra'ayin Shugaba ba matan ba ne. Labari ne ya zo cewa takwaransa na ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka ya ayyana dokar, an nuna shi a talabijin, har an gayyace shi taro ƙasar waje. Washegari aka kira zaman gaggawa.

"Dokar nan ina sonta," Shugaba ya ce. "Sunanta ne ba na so. In na fito da bakina na ce ta ɓaci, 'yan adawa za su ce a hannuna ta ɓaci."

Aka shiga neman suna. Wani ya kawo Dokar Lura da Gajimare. Wani ya ce a kira ta Makon Haƙuri da Rana. Kansila ɗaya tilo na adawa ya miƙe ya ce ko dai ta ɓaci ko ba ta ɓaci ba, aka kashe masa makirufo. Har aka ci abincin rana aka dawo ba a tsayar da magana ba. Alƙalami, da yunwa da takaici suka ishe shi, don ba a sa da shi a abincin ba, ya yi ƙunƙuni: "Sai a ce ta ɗan ɓaci, kowa ya huta."

Idanu suka dawo kansa. Ya fara tunanin inda zai nemi wani aikin.

"Maimaita," in ji Shugaba.

"Ta... ta ɗan ɓaci, ranka ya daɗe."

Shugaba ya ɗanɗana kalmar a bakinsa, fuskarsa ta washe. "Kun ji amfanin ilimi. Ba mu musa ba, ba mu kuma amsa ba."

Nan take aka amince. Aka kafa kwamitin aiwatarwa, aka ba Kansilan kasuwa shugabancinsa, tunda shi ya fi kowa sanin magudanar: rabin shagunan da ke kanta nasa ne.

Ranar ƙaddamarwa an kafa rumfuna a bakin unguwar. Shugaba ya dasa itace, ya tsaya riƙe da shebur har masu hoto suka gamsu. Aka kira Anti Tela aka naɗa ta Jakadiyar Yanayi, aka miƙa mata laima mai hoton Shugaba.

"Ranka ya daɗe, magudanar fa?" ta tambaya.

"Tana gaban kwamiti, 'yata."

Kafin a gama naɗe rumfuna, ma'aikata sun tone itatuwan sun loda a mota, domin akwai wani bikin dashen da yamma a mazaɓa ta gaba. Anti Tela ta tsaya kan ramukan tana duban mijinta. Shi kuwa ya samu abin karantawa a bayan takardar shirin taro.

* * *

Ruwan ya sauko wata rana da hantsi, bai ɗauke ba har la'asar. Da ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa suka ɗora kaya kan gado, da ya hau gadon suka haƙura. Anti Tela ta yi gaba da yara zuwa benen makarantar unguwa, kan keken ɗinkinta a ka. Alƙalami ya goya Inna ya bi layin mutane, yana laluben ƙasa da ƙafa.

A gabansu wani maƙwabci ya ɗaure rediyo a kan hularsa. Muryar Shugaba ce ke fita, tana karanta jawabin da Alƙalami ya rubuta tun makon jiya, don a ajiye saboda irin wannan rana. Hukuma ta hango, hukuma ta shirya, kada kowa ya tayar da hankalinsa. Alƙalami ya tsinci leɓɓansa suna bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har ya ji haushin inda Shugaba ya tsallake waƙafi.

"Kai, mutumin nan ya iya magana," in ji Inna a kunnensa. "Har na ji sanyi a raina."

Takalmin wani yaro ya wuce su yana juyi a kan ruwa.

Can ta ɗan matse kafaɗarsa. "Ɗan nan, ƙara ɗaga ni sama kaɗan."