Abin da Iro ya gani a ordinatar Khairiyya

Tun da Khairiyya ta dawo Dogon Dutsi daga karatu a Yamai, hankalin mahaifinta Iro bai kwanta ba. Wuni take gaban ordinata, wato kwamfuta, tana haɗa wani wasa, wai mutane sun je wata duniya bayan taurari sun tarar da wasu halittu. Ƙanensa Rabilu, mai shagon kayan waya a bakin kwalta, ya leƙa ya yanke hukunci.

"Yaya, iskoki take zanawa. Jinin Lugu ne ya motsa. Ka amshe na'urar nan a yi mata ruƙiyya."

Uwar su Iro 'yar Lugu ce, garin da ya yi suna da bori, Iro kuma ya tashi cikin 'yan bori. Ya ce ba zai amshe ba sai ya gani da idonsa.

Bayan la'asar ya zauna kan tabarma, ta ɗora masa ordinatar a cinya. A fuskar na'urar jan fili ne, sai duwatsu. Can wani abu ya taso, ba kai ba ƙafa, kamar ruwa a tsaye, yana naɗewa yana buɗewa.

"Mi sunanshi? Ɗan wane gida ne?"

"Ba shi da ko ɗaya, Baba."

Iro ya gyara zama ya yi wa abin sallama. Ta danne dariya, ta nuna masa inda ake latsawa a yi magana. Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi gida. Abin ya rabu biyu. Duwatsun filin suka tashi sama, suka tsaya cak.

"Ya amsa ke nan?"

"Ban sani ba."

"Ke da kinka yi shi?"

"Na tsara mishi yadda zai motsa, amma ba bisa hankalinmu ba. Ba ya yunwa, ba ya fushi. Duk wanda na fara yi, in na ba shi buƙata sai ya koma mutum cikin wata riga."

Iro ya sa ta ajiye wa abin abinci da farin ƙyalle, yadda ya ga ana yi wa Doguwa. Abin ya ratsa ta kansu, bai karɓa ba, bai ƙi ba. Kowace iska da Iro ya sani tana da suna, da kiɗanta, da launin dabbar da take so, ko mafi mugunta ana lallashinta. Ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama, yana tasbihi a hankali.

Rabilu ya shigo. "An amshe?"

"Wanga ba iska ba ne. Iska ana shiryawa da ita."

"To mi ne ne?"

Iro ya miƙa wa Khairiyya ordinatar da hannu biyu.

"Ci gaba da aikinki, ɗiyata. Amma ki riƙa fitowa cin tuwo."