Kwaɗo a Ƙofar Shagon 'Yan Tsaki

Tun da aka ce ƙaramar hukuma ta samu 'yancin karɓar harajinta, lardi kuma ya ce bai san zancen ba, muka shiga uku a layinmu. Wanda ya biya ƙaramar hukuma, sai su shafa masa jan fenti a ƙofar shago. Mutanen lardi kuwa da sun ga jan nan sai su ce ka kai haƙƙinsu inda bai dace ba, su garƙame maka shago. Kullum gabana faɗuwa yake in na ji ƙarar mota.

'Yan tsaki nake sayarwa, kuma a ranar aka sauke mini sababbi, duk jarina. Maigidana, sarkin dabara, ya ji a bakin mai shayi cewa 'yan lardi na tafe, sai ya samo kananzir ya goge jan fentinmu tas. Ya jawo ƙofa don ya ga ko ya fita da kyau, muna tsaye a waje yana yaba aikinsa.

Sai ga motar ƙaramar hukuma.

"Ina alamarku?" in ji babbansu.

"Ranka ya daɗe, mun biya," na ce. "Akwai rai a ciki, ko ruwa ban zuba musu ba."

Bai ko dube ni ba. Suka saƙala kwaɗo, suka manna takarda mai cewa duk wanda ya taɓa shi gidan yari zai kwana. Maigidan ya ruga ofishinsu, ya kira ni a waya ya ce: sai ma'aji ya sa hannu za a ba da makulli, ma'ajin kuma yana can lardi wajen taron rikicin harajin. Babu wanda ya san ranar dawowarsa.

Rufin kwano ne, ga rana ta take. Na manna kunne a jikin ƙofar duk da zafinta. Da farko kukan 'yan tsakin ya cika shagon, har makwabta na ji. Can sai ya fara raguwa, har ya zama sai na riƙe numfashi kafin in ji. Tsoro ya kama ni sosai.

Mai walda na kusa da mu ya fito da babban almakashin ƙarfe, ya tsaya yana duban takardar. Mutane suka ja baya, wani ma ya ɗaga waya yana ɗaukarmu.

"Yanke, don Allah," na ce.

"Yaya, ina da yara," ya ce a hankali, ya miƙo mini.

Ni ma ina da su, kuma ya sani. Almakashin ya fi ƙarfina nauyi, amma haka na saita bakinsa a kan kwaɗon. Na sake kasa kunne, na jiyo wata 'yar murya daga ciki, siririya. Sai na danna da dukan ƙarfina.